Turaren Inna da Injin Shan Taba

Gusau, Litinin

Zuwa ga Ummulkhairi,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da jaririnmu Hamza da su Baba da mutanen Tsafe. Yaya ruwan zafi? Ki daure, wankan jego ya kusa ƙarewa.

Kin tambayi sabon aikin. A taƙaice dai an ɗauke ni in riƙa ba inji taba. Sigarin lantarkin nan da samari ke zuƙa, mai ƙamshin mangwaro, shi nake maƙala masa. Ya zuƙa, ya huta, ya sake zuƙa, ba tari ba kunya. Hayaƙin yana bi ta wani ɗan farin ƙyalle mai tacewa. Muna auna ƙyallen kafin zuƙa da bayanta, nauyin da ya ƙaru shi ne abin da zai shiga ƙirjin mutum. Ma'auninmu ya lalace, don haka nakan zo gida da ƙyallayen a jaka, kowanne cikin ɗan gwangwaninsa, da safe in kai wani ɗakin gwaji a auna.

Inna ta zo daga Bungudu tana yi mini girki. Kwanan nan kallona take yi wani iri, ga turaren wuta kamar gidan amarya.

Naki,
Haliru

Gusau, Alhamis

Ummulkhairi,

Ina gaishe ku, da fatan kun tashi lafiya. Ni kam ba lafiya ba, aikina yana rawa.

Awon da nake kawowa ya haukace. In aka bi lissafina, zuƙa ɗaya ta isa ta kwantar da bijimi. Har ƙyallen da muke ajiyewa don kwatance, wanda bai taɓa ganin taba ba, shi ma ya yi ƙiba. Shugabanmu Dokta Dalhatu ya ce ko dai ban iya aikin ba, ko ina ƙirƙirar lambobi. Kin san ɗaukar gwaji aka yi mini. Ya ce in aka sake ganin haka, in kama hanyar gida. Wallahi tsoro nake ji, ga iyali ya ƙaru.

Ki sa ni a addu'a.

Haliru

Gusau, Lahadi

Ummulkhairi tawa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. An kama mai laifi, kuma ita ta haife ni.

Jiya na dawo daga sallar Asuba da wuri, na tarar da Inna zaune gaban kaskon turare, jakata a buɗe. Ta ɗauki ƙyalle, ta shimfiɗa bisa hayaƙi, ta juya, ta mayar da shi gwangwaninsa ta rufe tsaf. Ashe tun zuwanta ta ji ƙamshin mangwaro a jikina, wata maƙwabciya ta gaya mata ƙamshin tabar zamani ne. Kawaicin ɗan fari ya hana ta tambayata. Sai ta duƙufa da addu'a, tana turare duk abin da zai tona mini asiri. Hayaƙin turaren nan ne yake ƙara wa ƙyallayen nauyi.

Na yi mata bayanin injin, ta ce ko mashayan Bungudu ba su taɓa ƙirƙiro ƙarya mai rauni irin wannan ba. Dole na ɗauke ta zuwa wurin aiki. Dokta ya shinshina ƙyallen, ya yi dariya har ya zauna ƙasa. Ya ce aikina yana nan, amma jakar ba za ta ƙara kwana gida ɗaya da Inna ba.

Na kunna injin ta gani. Ta daɗe tsaye tana kallonsa yana zuƙa, sai na ga tana share ido da bakin mayafi. Ta ce tun da ta zo, abinci bai yi mata daɗi ba. Ni ma sai da na kau da kai, don ban san nauyin da ta ɗauka a kaina ba.

Haƙuri dai ba ta ba ni ba. Da za mu fita ta tsaya gaban injin, ta ce Allah ya shirye shi, ta kuma gargaɗe ni in rage zama da shi.

Ki shafa mini kan Hamza.

Mijinki mai kewarki,
Haliru