Matar da Kakanmu Ya Bari a Ingila

Yaya Merle,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya mutanen Bendigo? Ni lafiya lau, tarin nan sanyin Ingila ne kawai.

Shekara sittin kina yi min gorin rashin karatu, to ni na gano ƙauyen kakanmu. Limamin cocin ya karanto min littafin aure: ashe ya yi aure a nan kafin ya hau jirgin ruwa. Ƙidayar 1911 ta nuna matar da ranta, da 'ya'ya uku, alhali ya riga ya auri kakarmu.

Jikarta ta gayyace ni shayi ran Lahadi. Ta ce, "Ashe ku kuka riƙe mana shi?"

Zan je. Ke mai ilimin, bugo waya ki gaya min abin da zan ce mata.

Allah ya ƙara lafiya.

Ƙaninki,
Clarrie