Yaya Asabe a Dutsen Mambila

Zuwa ga ƙanena Garba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya iyali, yaya zaman Kumasi? Mu nan Makarfi sai godiya, rake ya yi kyau bana.

Ladi, 'yar Yaya Asabe da ke aure a Gembu, ta haihu. Yaya ta ce ba mai yi wa 'yarta wankan jego sai ita, na raka ta. Mota ta ajiye mu a gindin dutsen Mambila domin ruwa ya cinye hanya, sauran tafiyar sai a ƙafa.

Ni da na yi fatauci da ƙafata har na gina gidan kwano, wallahi hawan dutsen nan ya ba ni wuya. Kullum ruwa, ga santsi, ga kaya a baya. Yaya kuwa ta cire mayafinta ta naɗe kanwar kunun mai jego, ita ta jiƙe sharkaf. Na ce mu juya, ta ce, "Kai ka juya, mai gidan kwano. Ni jikana ke jirana."

Mun isa ana gobe suna, kanwa a bushe. Namiji ne, kuma sunanka ya ci.

Ka sa Yaya a addu'a, tun jiƙewar nan tari ya kama ta, har yanzu bai sake ta ba. Gai da mai ɗakinka da yara.

Wanka,
Lawal