Uban Tartsatsi

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, aikin zane kuma bai cinye miki idanu ba. Gwaggonki tana gaishe ki.

Littafinki na zane ya iso. Na karanta shi a shago, a kan kujerar aski, har wani ya gaji da jira ya tafi da sumarsa. Jarumarki Tartsatsi ta burge ni, yarinya tana kutsawa cikin gobara ta fito da mutane a kafaɗa. Amma Auta, kin kashe ni a shafi na uku! Uban yarinyar mai aski ne, ga mataji a bayan kunne, ga tumbi, ga tabarau mai ɗaure da zare. Wa za ki ruɗa? Shagonsa ya kama da wuta yana ciki, yarinyar tana can makaranta, kafin ta iso an gama.

Na tambayi mai gyaran waya na kusa da ni, da yake shi ma mayen irin waɗannan littattafan ne. Ya ce haka asalin jarumai yake, sai an raba su da wani nasu, abin da suka rasa shi suke bi har ƙarshen rayuwa. Wanda aka zalunta ya tashi da ramuwa, wanda ya makara ya tashi da gudu. Na yi dariya, na ce to ni dai ga ni da raina.

Naki,
Baba

Zuwa ga Autata,

Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Ni jiki da sauƙi ba za a ce babu ba.

Gwaggonki ta tona kanta. Ashe tun kafin ki fara zanen nan ta gaya miki abin da likita ya gani a cikina. Ni ina ɓoye miki, ke kina ɓoye mini kin sani. Sai na sake ɗauko littafin, wannan karon ban yi dariya ba.

Abin da ya dame ni ba mutuwar uban ba ce. Yarinyar ce. Na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ban ga inda ta zauna cin abinci da kowa ba. Ta ceci mutum, kafin ya ce na gode ta haye rufin gida. Ba ta taɓa komawa layinsu ba, ko ta tsaya ta dubi inda shagon yake. Na san wannan halin. Tun da mahaifiyarki ta rasu kina hanya, kika daina kwana a gidan nan. Kina aiko magani, kina aiko sutura, ke ce dai ba kya zuwa. Ban taɓa riƙe ki a zuciya ba, amma kewarki tana damuna ƙwarai.

Na rufe shago. Almakashi ya fara rawa a hannuna, ba na so in yanke wa ɗan mutane kunne.

Mahaifinki mai ƙaunarki

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa da fatan alheri. Rubutun gwaggonki ne, ni nake faɗa, don haka ki yi haƙuri da karkacewarsa. Tana hararata.

Saƙonki ya zo, cewa za ki taho da zarar kin miƙa littafi na biyu. Na gane. Zana abu ya fi kallonsa sauƙi, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, na rame, tumbin nan da kika zana babu shi. Amma likita ya daina maganar watannin da suka rage mini, ya koma ta makonni.

Tartsatsi ba ta da laifi, tana makaranta, ba wanda ya gaya mata. Ke ga shi ina gaya miki. Idan kika bari aka kira ki bayan an gama, na san abin da za ki zama: za ki yi suna, za ki yi wa duniya amfani, kuma ba za ki ƙara zama kusa da kowa ba. Wannan ya fi ciwon tayar mini da hankali.

Ki ajiye alƙalamin, masu littafi za su jira. Ba na so in zama asalin labarin kowa, Auta. 'Yata nake so in gani.

Allah ya yi miki albarka, ya kawo ki lafiya.

Babanki,
da hannun gwaggonki