Furen Maman Chioma

Asabar, 3 ga Agusta, 2024

Adaora maƙwabciyata, Maman Chioma, ta tafi Inugu yau, wankan jegon 'yarta. Wata biyu. Ta bar mini furenta, wai shi okid. Marigayi mijinta ne ya kawo mata daga Jos shekarar da ya rasu. Tana bakin keke Napep tana ta nanatawa da Hausarta: "Hamsatu, ruwa kaɗan, sau ɗaya a sati. Kar ka taɓa tukunya." Na ce ta tafi abinta, ni da na tashi a ruga ba za a koya mini shuka ba.

Litinin, 5 ga Agusta

Na leƙa tukunyar. Ko ƙwayar ƙasa babu, sai ɓawon itace da gawayi, saiwoyi a waje suna lilo. Wannan ai horon yunwa ne. Bakari ƙanena ya kawo mini busasshen kashin shanu daga garken Baffa. Na cakuɗa da baƙar ƙasa, na sake masa babban kasko, na danna, na ba shi ruwa ya ƙoshi. Na ƙosa in ga fuskar Adaora idan ta tarar ya ninka.

Talata, 20 ga Agusta

Ganye biyu na ƙasa sun yi rawaya. Sauran sun yanƙwane kamar yatsun mai wanki. Ƙishi ne. Na ƙara ruwa.

Juma'a, 23 ga Agusta

Ɗaya ya faɗi.

Asabar, 24 ga Agusta

Na kai shi GRA wurin Lilian mai sayar da furanni. Ta zazzage kaskon, wari ya tashi. Saiwoyin sun yi baƙi, ta matsa ɗaya ya fashe da ruwa. Ta ce a daji jikin itace yake maƙalewa, iska saiwarsa take so. Ƙishi kam yana ji, amma ba shi da bakin sha, ni na ruɓar da shi. "Hajiya, wa ya binne shi?" Na ce yara ne. Ni da ba ni da yaro a gida. Ta yanke ruɓaɓɓun, saura biyu, ta barbaɗa kirfa, ta mai da shi cikin gawayi da ɓawo. Ta ce kada in sa rai sosai.

Lahadi, 25 ga Agusta

Maigida ya ce in sayi wani irinsa wurin Lilian, wa zai gane? Har na ɗauki mayafi. Sai na tuna yadda Adaora take goge ganyen da gefen zaninta duk safiya tana yi masa magana da yarensu. Na zauna. Kunya ta ishe ni, wallahi.

Laraba, 28 ga Agusta

Na ɗauki hotonsa na tura wa Adaora. Na rubuta ni ce, da hannuna, da takin Baffa, bayan ta hana. Ta gani. Ba ta amsa ba.

Asabar, 31 ga Agusta

Ta kira. Ban taɓa jin muryarta a sanyaye haka ba. "Na ce kar ka taɓa, Hamsatu." Shi ke nan. Na fara cewa ai alheri na nufa, sai na fasa. Na ce ta yafe mini. Ta ce jinjiri yana kuka, ta kashe.

Lahadi, 22 ga Satumba

Ganye ɗaya ya rage, har yanzu a yanƙwane. Amma yau na ga wani ɗan kore kamar ƙwayar shinkafa ya leƙo daga gindi. Ban gaya wa kowa ba. Na ɗauko buta, na tsaya a kansa. Sai na tura wa Adaora hotonsa, na tambaye ta ko in ba shi ruwa yau ko in bari. Butar tana nan a ƙasa, ina jira ta amsa.