Ƙusa Biyu a Wuyan Jaririn Roba

Zuwa ga:
Shugaban Ofishin Ba da Lasisin Gidajen Renon Yara

Daga:
Baba Kafinta, gida mai koriyar ƙofa, bayan tankin ruwa

19 ga watan Mayu

Game da: Riƙe lasisin 'yata saboda jaririn roba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ni ba mutumin takarda ba ne, kuma kai ƙara ba halina ba ne. Dole ce ta sa.

Autata tana neman lasisin buɗe gidan renon yara a ɗakuna biyu na gidana. Ta yi horo, ta ci. Ƙananan gadajen da hannuna na haɗa su, babu kusurwa mai kaifi ko ɗaya. Sai ofishinku ya ce duk babban da ke kwana a gidan sai shi ma ya yi horo. Na je. Ga abin da ya biyo baya.

1. Ranar 3 ga Afrilu an zaunar da ni a kujerar yara, a tsakiyar mata, aka ce mu yi waƙar wanke hannu muna tafi. Na haifi tara, na aurar da takwas. Na tafa.

2. Ranar 5 malamar da ke ba mu horo ta ce kowa ya zagaya ajin da rarrafe, wai don mu ga haɗari da idon yaro. Na yi. Gwiwata ta ƙi miƙewa, sai da mata biyu sa'o'in jikokina suka ciccibe ni.

3. Ranar 10 aka ba kowa jaririn roba ya tafi da shi gida ya rene shi. Nawa kansa lilo yake, da ka ɗauke shi sai ya faɗa baya. Tunda nake ban taɓa mayar wa mutum kayansa a lalace ba. Na sa gam, na ƙara ƙananan ƙusoshi biyu ta bayan kunne, na shafe wurin, ko alama babu. Wuya ya tsaya cak. Sai da na mayar da shi aka ce da gangan aka yi shi haka, don a koyi tallafe kan jariri. Ranar da aka yi wannan bayani ina asibiti saboda gwiwar da ke lamba ta 2.

4. Malamar ta karɓe shi ta ɗora a kan kabad, ta rubuta a rahotonta cewa na buga wa jariri ƙusa biyu a wuya. Ba ta rubuta cewa na roba ba ne. Haka rahoton ya hau sama.

5. Ranar 28, da rana tsaka, jami'anku biyu da ɗan sanda suka tsaya a ƙofar gidana, unguwa na kallo. Sun tambaye ni ina yaron. Na gaya musu gaskiya, cewa yana kan kabad a ajinku, kuma tun da na yi masa aikin bai sake motsa kai ba. Suka rubuta wannan ma.

6. Tun daga ranar lasisi ya tsaya. Iyayen da suka yi alkawarin kawo 'ya'yansu sun janye. Maƙwabcina mai shago in ya hango ni da guduma sai ya kira ɗansa ciki. Jikana na cikina ma yanzu da hannu a wuya yake gaishe ni.

7. 'Yata ba ta ce mini uffan ba. Tana kawo mini abinci a kan lokaci. Kullum da safe tana share ɗakunan nan biyu, ta kakkaɓe shimfiɗar gadajen da babu kowa a kansu, ta ja ƙofa. Da faɗa ta yi mini da ya fi sauƙi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙo cikin ladabi:

A gyara rahoton, a rubuta roba da manyan baƙaƙe, a aiko ɗan sandan nan ya faɗa a inda ya tsaya ya yi tambaya.

A ba yarinyar nan lasisinta. Ba ita ta riƙe guduma ba. In horon za a sake mini, zan zo, zan tafa, ban da rarrafe. In kuma kwanana a gidan shi ne matsalar, na riga na kai tabarmata shagona na kafinta. Gidan ni na gina shi, amma shagon ma yana da rufi.

Na ƙarshe. Jiya na leƙa ta tagar ajin, na ga jaririn har yanzu yana kan kabad, rub da ciki, ƙarƙashin fanka, ko zane babu. Malamar da bakinta ta ce rigingine ake kwantar da jariri. Duk kwanakin da ya yi a ɗakina bai taɓa kwana haka ba. A sa wani ya juya shi.

Ina jiran amsarku, tare da girmamawa mai yawa.

Naku mai biyayya,
Baba Kafinta
(na sa hannu da kaina)