Abin da Aka Faɗa wa Akuya

Gummi, watan Satumba

Zuwa ga Gwaggona Adama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen Anka. Yaya aikin jinya? Na ba direban da ke zuwa wajenku wannan takarda, domin an hana mu riƙe waya a makaranta.

Gwaggo, na dawo daga hutu hankalina ba a kwance ba. Kin san tun bara aka ce Baba yana da ciwon sukari. Lokacin sharar gona kututturen dawa ya soke shi a tafin ƙafa, har yau wurin bai kame ba. Ya rame, ga yawan ƙishirwa. Mun je ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, suka ce na'urar gwaji tana nan, amma tsinkayen da ake ɗiga jini a kai sun ƙare, don masu ciwon sun yi yawa.

Inna tana iya ƙoƙarinta. Ranar da ta ji sunan ciwon ta fitar da sukari daga gidan, har ƙannena ma koko ba zaƙi suke sha. Amma a madadinsa zuma take zuba wa Baba, da safe a koko, da rana a fura. Tunkiyarta ta sayar ta sayo gora guda wurin Fulanin Gwashi. Malamarmu ta kimiyya ta ce zuma ma tana hawar da sukarin jini.

Na kasa faɗa mata. Kin san ni ce 'yar fari. Inna ba ta kama sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son in ɗebo ruwa, sai ta dubi akuya ta ce, "Wasu dai sun ga randa ta bushe." Baba kuwa ina jin nauyinsa. Don Allah ki zo gida Adabka ki yi musu bayani. Ina tsoron ƙafar nan.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Fiddausi Maharazu

Anka

Fiddausi ɗiyata,

Wa alaikis salam. Muna lafiya, sai gajiya. Rubutunki kamar na alƙali, sai da na gyara zama kafin in karanta.

Zuwa ba zai yiwu ba yanzu. Mu biyu ne a ɗakin mata na asibiti, ga hanya yadda take. Ko na zo ma, mi kike tsammani? Ni ƙanwar miji ce, tsakanina da uwarki Aisatu sai tsiya. Na kira ta da na samu layi, ina cewa zuma ta ce, "Adama, baƙin ciki kike yi yayanki na shan daɗi." Ta yi dariya ta kashe.

Malamarku ta yi gaskiya. Kuma wanga miki ba na wasa ba ne. A nan na ga manoma irin babanki sun zo da ƙafa biyu sun koma da ɗaya, duk don an makara. A daina zumar, a rage fura, a ƙara wake da ganye, a kawo mini shi kafin wurin ya yi baƙi.

Kin ce uwarki da akuya take magana. To ita akuyar kurma ce in ke kika yi mata?

Ki gaida malamanku.
Gwaggonki

Gummi, watan Oktoba

Zuwa ga Gwaggona Adama,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri. Na je gida hutun tsakiyar zango, kuma na yi abin da kika nuna mini.

Da hantsi Inna tana dama fura a gindin rumbu, goran zuma a gefenta. Na ɗauki harawa na tsuguna gaban akuyarmu Ja. Na ce, "Ke Ja, an ce zuma ma sukari ce a cikin jini. Wai ita ke hana miki kamewa."

Ludayi ya tsaya. Can sai Inna ta ce, "Ja, gaya wa masu boko Allah da kansa ya ce akwai waraka a zuma."

Na ce, "Haka ne, Ja. Ruwan sama ma rahama ne, amma bara ya kayar mana da katanga."

Baba yana zaune a tabarma yana jinmu. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Akuyar nan ta kusa zama likita." Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ja, to tunkiyata ta tafi a banza ke nan? Ashe da hannuna nake..." Ba ta ƙarasa ba. Gwaggo, ban taɓa jin muryarta haka ba. Na so in ce mata ba laifinta ba ne, sunan ciwon ne ya ruɗe ta, amma bakina ya yi nauyi. Sai na ce wa akuyar, "Babu wanda ya kai ta kula da shi. A kai shi Anka kawai."

Ta miƙa wa Baba furar. Ban ga ko ta zuba ba, domin na sunkuyar da kai. Har na baro gida ba ta ƙara tada maganar ba. Ban sani ba ko gyara na yi ko ɓarna.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Fiddausi

Anka

Fiddausi,

Sallama da gaisuwa. Sun iso ranar Talata a kan babur, ita ta riƙo shi. An gwada jini, an wanke mikin. Likita ya ce ɗan yatsa ɗaya sai yadda Allah ya yi, amma ƙafa tana nan.

Da ya tambayi wa ya ce a daina zuma, uwarki ta dubi bango ta ce, "Wata ce mai hankali, a Gummi take."

Ga goran zumar nan wurin direba. Ta ce a kai wa mai akuya, ta sha da ƙawayenta.

Gwaggonki Adama