Minti Uku na Odessa Pettway

Marlow Falls, 2 ga Afrilu, 2002

Ƙanena Cleophus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Lorene da wannan gwiwar taka mai duban ruwan sama.

Nemi wuri ka zauna tukuna. Ka tuna rufin gidan da na sake shekara biyu da suka wuce, har kana yaba mini? Bashi ne. Wani mai taye a wuya da zaƙin baki ya zo har kicin ɗina, ya cinye kek ɗin dankali yanka biyu yana ta "Mama, Mama", ni kuma na sa hannu na jinginar da gidan. Biyan wata ya fara da dala ɗari huɗu, yanzu ya haura ɗari tara. An sa ranar gwanjon gidan, 20 ga Mayu. Kunya ce ta hana ni faɗa maka.

Amma kada ka fara ɗaure mini kaya. Akwai dokar da majalisar birni ke ja tun bara, wadda za ta hana a yi gwanjon gidan wanda aka ɗora wa irin wannan bashin sai an zaunar da shi da masu kuɗin a gaban mai sulhu. Sau ɗaya aka yi watsi da ita, sau biyu aka tura ta kwamiti ta sha barci. Kansiloli tara ne: huɗu namu, huɗu nasu, sai Dwight Mabry da ya rasa inda zai tsaya. Ranar Talata za a saurari jama'a, har na cika katin magana. Kowa minti uku.

Yayarka,
Odessa

Macon, 6 ga Afrilu

Yaya Odessa,

Wasiƙarki ta iso, muna lafiya. Gwiwa na nan tana aikinta.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma shirun shekara biyun ya fi bashin yi mini ciwo. Ɗakin baya na nan, Lorene har ta canja labule.

Sai dai minti uku, Yaya? Ke? Ke da kika yi mana addu'ar cin abinci ranar bikin Godiya har romon talotalo ya daskare? Don Allah ki rubuta layi biyar a takarda, ki karanta, ki koma ki zauna.

Naki,
Cleophus

Marlow Falls, 12 ga Afrilu

Cleophus,

Ina gaishe ka, kuma idan ka yi dariya zan ji daga nan.

Na rubuta layi biyar ɗin, suna hannuna. To amma mace mai tarbiyyar coci ta miƙe gaban manya ta faɗa magana kai tsaye, ba gaisuwa? Na ba Allah girma. Na ba Fasto Whitlow girma, da matarsa. Na gaida shugabar majalisa, na bi kansiloli ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Da na iso kan Dwight, wanda na koyar a makarantar Lahadi yana da majina a hanci, ai dole in tambayi jikin mahaifiyarsa. Yana cewa "Da sauƙi, Mama Pettway," jar fitilar cikar lokaci ta kama.

Shugabar ta ce, "Mun gode, Madam, lokacinki ya cika."

Na ce, "Ai ban fara ba, 'yata."

Ta ce, "Mun lura."

Ko kalmar gida ban furta ba. Lauyan masu ba da bashin kuwa ya gama nasa cikin minti biyu, har da canji. A mota na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

An ɗage ƙuri'a zuwa 14 ga Mayu. Na tambayi magatakarda ko wani zai iya ba ni mintocinsa, ya ce ƙa'ida ta hana. Vernell Tubbs, shugabar mawaƙan cocinmu, ta ce masa, "To ƙa'idar ta hana mutum goma sha ɗaya su cika kati?" Ya duba littafinsa, ya ce ba ta hana ba. Ka ce wa Lorene ta mayar da tsohon labulenta.

Yayarka,
Odessa

Marlow Falls, 15 ga Mayu

Ƙanena,

Gaisuwa, a gurguje.

Mun je mu goma sha ɗaya cikin fararen kayan coci. Vernell ta fara, ta ce, "Ni gaisuwa kawai aka aiko ni, a madadin kowa," ta cinye mintinta uku cif tana ba da girma, har mai gadin ƙofa ya samu rabonsa. Ta biyu ta ba da labarin rufin. Ta uku ta ba da na mai tayen. Ta huɗu, Hattie, ta sa tabarau biyu ta karanta ƙananan rubutun shafi na sha huɗu na takardar bashin, inda kuɗin ruwan ya ɓuya. Kowace idan fitila ta kama sai ta tsaya ko a tsakiyar magana ne, ta bayanta ta ɗora daga nan. Lauyan ya miƙe zai yi ƙorafi, shugabar ta ce, "Kana da kati, Malam?" Ya riga ya kashe nasa.

Ni ce ta ƙarshe. Na isa gaban makirfo na tarar an faɗi komai, ba a rage mini ko kalma ba. Karo na farko a rayuwata, Cleophus! Na ce, "Sunana Odessa Pettway. Gida mai lamba 418, titin Alder. Shekarata arba'in da ɗaya a ciki." Sai na tsaya kawai ina kallonsu, don mintocin nawa ne, ba mai ikon karɓe su. Ashe minti uku na da tsawo. Dwight ya sunkuyar da kai bai ɗago ba har fitila ta kama.

Ƙuri'a biyar da huɗu. Doka ta wuce, kuma ta fara aiki nan take. Masu ba da bashin sun ce za su kai kuka majalisar jiha a soke ta kafin ƙarshen shekara. Su je, Vernell ta fara tambayar kuɗin hayar bas.

Yayarka mai murna,
Odessa

Marlow Falls, 21 ga Mayu

Cleophus,

Gaisuwa gare ku duka.

Jiya ce ashirin ga wata. Na zauna a baranda tun safe da hular coci a kaina, ba wanda ya zo sai mai kawo wasiƙu. Zaman sulhu sai watan Yuni, ban san yadda za ta kaya ba.

Bana ban taɓa lambun baya ba, don ban ga amfanin yi wa baƙo shuka ba. Yau na shuka kuɓewa layi huɗu. Sai watan Agusta za ta yi.

Ku zo ku ci.

Odessa